Ranar da Haladu Ya Ɗinke Dutse

Duk wanda ya ce maka ƙaramin sani ba ƙuƙumi ba ne, tura shi Gindin Fa ya tambayi matan garin labarin Haladu. Sai dai ka gargaɗe shi ya ja da baya kaɗan kafin ya ambaci sunan, domin har gobe akwai masu saurin hannu a cikinsu.

Gindin Fa ƙauye ne tsakanin Roni da Gwiwa, ya jingina da wani makeken falalen dutse. A saman dutsen akwai kwarmi mai zurfi da ake kira Kwatarniya. Damina ce ke cika shi, rani kuma ya zo ya gama fushinsa ya tafi bai ga gindinsa ba. Wannan ruwan shi ya zaunar da garin tun kaka da kakanni. Ban da shi, rijiyar da ta fi kusa tana Kukar Abu, wadda mace in ta ɗauki tulu da hantsi, azahar a hanyar dawowa take riskarta.

To, a shekarun nan da man fetur ya buɗe wa gwamnati hannu, har aka yi rabon Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, sai ga waɗansu masu binciken duwatsu sun ɓullo da Landiroba, Bature ɗaya da 'yan jami'a. Aikinsu bin tsaunukan Kazaure da Roni, suna ƙwanƙwasa dutse, suna leƙa tsaga, suna auna ta da igiya, suna ɓantarar gutsattsari suna jefawa a buhu. Haladu aka ɗauka ya riƙa dakon buhun. Bai daɗe ba ya lura wahalar banza ake ba shi: a ce a ɗauko dutse tun daga kan tsauni, alhali ga duwatsu zube a bakin zango ba mai so. Saboda haka kullum da sun ba da baya sai ya zazzage buhun, ya taho yana kaɗa shi, in an kusa gida ya cika shi da na gefen hanya. Ranar da asiri ya tonu, Baturen zama ya yi daɓas a ƙasa ya dafe kai.

"Da bakinsa ya ce tun da yake yawon duniya bai taɓa gamuwa da mutum irina ba," in ji Haladu duk sanda ya ba da labarin. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ya dawo gida da wata hular kwano da aka yar, da guduma, da sabon suna, wai Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ba rago ba goro. Daga nan noma ya gagare shi, don da ya ɗaga fartanya ya ci karo da tsakuwa, sai ya tsuguna ya yi ta lasarta yana gyaɗa kai har rana ta take. Matarsa Shatu ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli.

Wata rana da la'asar maza suna zaune gaban shagon Julius, mutumin kudancin Zariya mai sayar da kananzir da ashana, wanda shi kaɗai ke da rediyo a garin. Sai aka ji labarin girgizar ƙasa a wata ƙasa can gabas. Duwatsu sun tsage, rijiyoyi sun ƙafe, gidaje sun kwanta. Jama'a suka yi salati. Haladu kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya miƙe ya gyara zaman hular kwano.

"Ku kuna ta salati, ba ku san tana bayan gidanku ba."

"Wace ce?" in ji mai gari Sama'ilu, wani dattijo mai tabarau mai kauri, wanda ko kaza ta yi kukan da bai gane ba sai ya kwana yana tunani.

"Girgizar mana, ranka ya daɗe. Tsagar nan da ta taso daga gindin dutse ta tsaya a leɓen Kwatarniya, kana zaton ado ce?"

"Haba Haladu, tsagar da kakana ya tarar? Ai gidan ƙadangaru ne."

"Injiniya, ranka ya daɗe. Su ma mutanen rediyo kakanninsu sun tarar da tasu. Ƙasa jijiya gare ta kamar mutum, inda ka ga tsaga nan jijiyar take. Wannan tamu ta bi ta ƙarƙashin Ɓaɓura, ta ratsa Nijar ba ta biya kwastan ba, ta je ta haɗu da tasu. Ran da ta yi miƙa, Kwatarniya za ta dare biyu, ku nemi ruwan alwala ku rasa."

Julius ya rage muryar rediyo. "Amma Injiniya, ƙasar nan da suke faɗa fa sai an hau jirgi an ƙetare teku."

"Jijiya jirgi take hawa, Julius? Ka tsaya ga kananzir ɗinka."

Da mai gari ya ji an ambaci Kwatarniya, sai ya miƙe tsaye. Ya tuna ba shi da talakawa sai don wannan kwarmi. Nan take ya ce Injiniya ya yi duk abin da ya kamata, gari na bayansa.

Haladu ya taɓa ganin masu binciken sun manna ɗan gilashi a kan tsaga, wai in tsagar ta motsa gilashin zai fashe. Gilashi kuwa a Gindin Fa ba abin da ake tsinta a hanya ba ne. Washegari ya shiga ɗakin Shatu ya sauko da madubin aurenta daga bango.

"Malam, ina za ka da madubina?"

"Aikin gwamnati."

"Gwamnatin kwalli za ta sa?"

"Ke dai ba ki san komai ba. Da fuskarki da ruwan gari, wanne ya fi?"

"Fuskar ka gani ka kawo goro gidanmu, ai ba ruwan gari ba."

Bai kula ta ba. Ya je inda tsagar ta hau bangon dutsen, ya jiƙa ƙaro ya manna madubin a kanta, ya tofa masa wani abu da ya ce Turanci ne, ya tafi cin fura. Kafin ya dawo madubi ya zama gari. Ya sheƙo cikin gari yana kururuwa, hula a hannu.

"Ta motsa! Jama'a ta motsa!"

Maza suka fito, wani da takalmi ɗaya, wani da lomar tuwo a hannu. Ana tsaye ana kallon ɓaraguzan sai ga Hamma makiyayi yana janye da ragonsa, goshin ragon sai walƙiya yake.

"Wa ya kafa wani rago a jikin dutse? Nawa ya gan shi ya ja da baya ya kai masa karo. Ga shi nan duk ya yanke."

Wani ya fara dariya. Haladu ya ɗaga guduma, dariyar ta koma ciki.

"Kun ji ko? Dabba ita ke fara jin girgiza kafin mutum, Bature ya faɗa. Me ya kai rago wurin in ba ya ji ta tana tahowa ba? Hamma, ragonka ya fi ka ilmi."

Hamma ya dubi ragon, ragon ya dube shi. Ya ja abinsa ya tafi.

Amma don a kawar da shakka, Haladu ya ce a sake gwaji da gilashin da rago ba zai ga kansa a ciki ba. Ya dubi Julius, Julius ya rungume kwalbar fitilarsa ya shige shago. Ya juyo ya tsura wa tabarau ɗin da ke fuskar mai gari ido.

"A'a," in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, ido biyu ne a jiki, ɗaya wannan gefen tsaga, ɗaya wancan. Kamar don aikin aka ƙera shi."

"To ni da me zan gani?"

"Me za ka gani in gari ya watse?"

Aka manna tabarau, aka lafta masa ƙaro har yana ɗiga. Abin da Injiniya bai lissafa ba shi ne akuya da ƙaro sai Allah. Wata jar akuya ta zo ta lashe shi tas, ragowar danƙon ya kama mata gashin fuska, ta sauko cikin gari da tabarau a hanci tana tafiya a hankali kamar mai zuwa yanke shari'a. Yara da manya suka bi ta, ta tsallake danga ta yi daji. An ce an gan ta ran kasuwar Gwiwa, amma tabarau dai bai dawo ba. Mai gari ya koma lalube, har an same shi da safe tsaye yana gaisawa da rumbu yana tambayarsa iyali.

Haladu ya ce gwaji ya yi kyau, tunda tabarau ya bar inda aka sa shi, ke nan wani abu ya motsa. Sai ya shiga mataki na gaba. Ya kwashe tasoshin jeren Shatu, ya cika su da ruwa, ya jera a kan dutse tun daga gindi har leɓen Kwatarniya. Ya ce in ƙasa ta yi numfashi, ruwan zai nuna.

Ya kuwa nuna. Da hantsi ya dubi ludayi, ruwan kowace tasa ya fara rawa. Haladu ya kwanta ya manna kunne da dutse, ya yafito maza. Suka kwanta reras, kunne a ƙasa, ɗuwawu a sama.

"Kun ji? Dim, dim, dim."

"Wallahi akwai ta," in ji mai gari.

Hamma ya saurara da kyau. "Injiniya, girgizar nan tana tafi ne? Na ji dim, dim, sannan tas."

"Wannan macen ce. Ka roƙi Allah kada namijin ya farka."

Suna nan kwance sai ga Adda Fatu ta zagayo daga bayan dutse da taɓarya a kafaɗa. Tsohuwa ce, ita ta yanke wa rabin garin cibiya, har da Haladu. A bayan dutsen nan mata ke kafa turame su yi surfe da daka, ga tsabta ga ruwa kusa, kuma in aiki ya yi daɗi su yi lugude suna cilla taɓarya suna tafi. Ta tsaya ta ƙare wa mazan garin kallo.

"Lafiya? Sabuwar salla aka kawo muku daga birni?"

"Adda, yi ƙasa da murya, muna sauraron girgizar ƙasa."

"Ɗan nan, dakanmu ne kuke ji. Ga shi na tsaya, saura turmi biyu, saurara ka ji in bai ragu ba."

Haladu ya saurara. Ya ragu kuwa. Wani mai kunya da ya naɗe tabarmarsa a nan. Shi ko ya miƙe ya karkaɗe riga, idonsa na ƙyalli.

"Alhamdu lillahi, an gano. Ranka ya daɗe, ga masu tashinta nan. Abu yana barci a ƙasa, su kullum suna sakar masa taɓarya a ka. Kai in kana barci aka yi maka lugude a goshi, ba za ka yi miƙa ba?"

"Shekara nawa muna daka a nan bai yi miƙar ba?" in ji Adda Fatu.

"Nauyin barci gare shi, Adda. Amma ko kurma yana da ranar ji."

Mai gari ya juya wajen da yake zaton tsohuwar take, ya fuskanci wata bishiyar aduwa, ya ba ta umarni a daina daka a dutse da kewayensa har sai Injiniya ya ba da izini. Gari kuwa duk kewayen dutse ne.

Mata ba su yi gardama ba, abin da ya fi gardama suka yi. Da yamma kowane maigida aka ajiye masa akushi, ya buɗe ya tarar da tsabar dawa dafaffiya, ko surfe babu, an zuba mata miyar kuka a ka. Da safe maimakon koko, gero ne a ruwan zafi. Fura ta zama labari. Maza suka riƙa tauna kamar dawaki, hira ta mutu a dandali don kowa muƙamuƙinsa ya gaji. Mai gari ya bar haƙori guda a cikin akushi. Ruwan tasoshi dai ya kwanta luf, Haladu yana zagayawa yana nuna wa mutane yana cewa su gode masa.

Da tura ta kai bango maza suka taru suka ce ko dai a yi wa tsagar nan magani na dindindin, ko su koma cin tuwo girgiza ta yi abin da za ta yi. Haladu ya ce ai da ma jira yake su tambaya.

"Ɗinke ta za mu yi."

"Dutsen?" in ji Julius.

"Shi fa. Da siminti ake yi, to siminti yanzu ko a Kano sai mai uwa a gindin murhu. Amma mu Allah ya ba mu abin da ya fi shi. Ku manoma ne. In ƙotar fartanya ta saki, yaya kuke yi?"

"A jiƙa ta ta kwana a ruwa," in ji maza baki ɗaya.

"Sai me?"

"Sai icen ya kumbura ya kama ƙarfen gam."

"Turmi in ya fara tsagewa fa?"

"A jiƙa shi, ya haɗe."

"To! Mu cika tsagar da busasshen ice, mu ba shi ruwa, ya kumbura ya kama dutsen gam, wannan gefe da wancan. Ko namijin ya farka sai dai ya yi ta juyi a ƙasa."

Wallahi babu wanda bai gyaɗa kai ba. Kowa a wurin ya taɓa jiƙa ƙota, kowa ya ga ta kama. Magana in ta bi ta gonar mutum, ba ya tsayawa duba ƙafarta. Har Julius ya ce shi ma a garinsu haka ake yi wa gatari.

Saura ice. Ba kowane ice ba, sai busasshe mai tauri wanda ya shekara yana shan inuwa. Haladu ya ce ai ga su nan jingine a kowane gida ba sa aikin komai, tunda an hana daka.

Ranar da aka bi gida gida karɓar taɓare, an ji zagi a Gindin Fa irin wanda ba a taɓa ji ba. Shatu ta riƙe tata da hannu biyu.

"Malam, ka ci madubi, ka kwashe jere, yanzu kuma abin da nake daka gyaɗar da kake ci?"

"Gwamnati za ta kawo miki inji."

"Gwamnatin nan taka dai ita ce ba ta taɓa kawo komai ba sai kwasa."

Adda Fatu ita ce ta ƙarshe. Ta kawo tata da kanta har gaban mai gari ta ajiye.

"Ranka ya daɗe, taɓaryar nan ta girmi uwar yaron nan. Ga ta. Amma dutsen nan bai ce muku yana ciwo ba. Ku ji tsoron Allah ku bar mana ruwanmu."

"Don ruwan ake yi, Adda," in ji mai gari, yana kallon gefenta.

Aka sa gizago aka sare taɓare, aka feƙe su suka zama turaku masu tsini. Majiya ƙarfi suka yi ta dukansu cikin tsagar, tun daga gindi har leɓen Kwatarniya, ƙadangaru suna fitowa suna gudun hijira. Inda ya rage 'yan kafofi tsakanin turke da turke, Haladu ya sa aka ɗura busasshen wake, ya ce duk wanda ya taɓa cin wake ya sha ruwa ya san aikinsa. Sannan aka yi layi da ƙwarya ana ɗebo ruwan Kwatarniya ana kwarara wa tsagar safe da yamma, ana rufe ta da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta sha. Dutsen ya fara wani ɗan ƙara, ƙis, ƙis, kamar ana taka busasshen kara. Haladu ya ce haɗewa yake.

Irin wannan aiki ba a yin sa a ɓoye. Haladu ya matsa sai da mai gari ya aika Roni, hakimi ya turo wakilinsa Malam Halliru ya zo ya gani da ido. Ya iso ran nan da hantsi a kan sabuwar Honda, ko ledar sirdi ba a cire ba. Ya nemi inuwa ya kafe ta a gindin dutse, daidai inda tsagar ta sauko. Aka shimfiɗa tabarmi, makaɗa suka zo, maroƙi yana ta wasa Injiniya, wai na Shatu mai ɗinkin da ya gagari allura. Mata suka tsaya can gefe, hannu a ƙugu, babu mai guɗa.

Haladu ya sa wandonsa na salla, ya hau har leɓen Kwatarniya, ya sa a ƙara wa turaku ruwa don baƙo ya gani. Sannan ya tsaya a kan tsagar, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, ya ɗaga guduma.

"Ranka ya daɗe, jama'a, yau shekara dubu wannan tsaga tana barazana ga Jihar Kano."

Dutsen ya ce ƙaƙaƙas.

"Kun ji ta? Kuka take, ta san ta kamu."

Malam Halliru ya karkato wajen mai gari. "Mai gari, ni idona ne, ko mutumin nan gajarcewa yake?"

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da ta cewa a kan ido."

Gajarcewa yake kuwa, domin ƙafafunsa nesa suke yi da juna. Haladu ya ji cinyoyinsa na ja, amma bai yarda ya dubi ƙasa ba, mai jawabi ba ya sunkuyawa.

"A gaya wa gwamna, in akwai wata tsagar a ko'ina, daga nan har Legas, a aiko kawai. Ni Injiniya Haladu ba na..."

Wandon salla ya ce ɓarrr. Makaɗa suka tsaya. Sai aka ji wata ƙara kamar aradu ta faɗi cikin rijiya, ƙasa ta yi girgiza ta gaske a ƙarƙashin tabarmi, ɓarin dutsen da ya tare Kwatarniya ya ja gefe kamar an buɗe ƙyaure. Haladu ya zurma ciki har ƙugu. Ruwa ya biyo ta ƙarƙashinsa da ƙarfin tsiya, ya tsinko turaku yana cilli da su, ga kumburarren wake yana fita kamar ƙanƙara. Ya sauka kan Honda ya kwantar da ita, ya ja ta cikin taɓo. Ya wuce gidan farko a gindin dutse, wanda gidan Haladu ne, ya shiga ta ƙofa ya fita ta danga da ƙuli-ƙulin Shatu da kajinta. Wakilin hakimi ya tattare babbar riga ya haye aduwa, ƙaya ko ba ƙaya. Mai gari ya ruga ya rungume maroƙi yana kiran sunan uwargidansa.

Daga cikin tsagar, hula ta rufe masa ido, aka ji muryar Haladu ta fi ta kowa.

"Jama'a ku shaida! Na faɗa ko ban faɗa ba? Na ce za ta dare! Ranka ya daɗe, a rubuta, ni na fara faɗa!"

"Kai, wa ya koya maka wannan aiki?" in ji Malam Halliru daga kan aduwa.

"Bature, ranka ya daɗe. Namijin ne ya farka. Da ba mu ɗinke ba, da abin ya fi haka."

Ruwan bai daɗe ba ya ƙare, abin da damina ta tara ƙasa ta shanye shi kafin azahar. Mata suka hau dutsen ɗaya bayan ɗaya suka leƙa. A karo na farko tun da aka kafa garin aka ga gindin Kwatarniya: laka, da kwaɗi suna tsalle, da wani tsohon ludayi. Nan dariya ta ƙare. Adda Fatu ta zauna a leɓen kwarmin tana kallon lakar. Rani ko rabi bai yi ba, ga yara, ga awaki, ga tsofaffin da ba sa iya tafiya.

Haladu ya yi gyaran murya. "To, a ciro ni mana, in duba yadda za a gyara."

Mata suka waiwaya neman abin duka, suka tuna babu taɓarya ko ɗaya a garin. Shatu ta matso ta dube shi daga sama.

"A bar shi a nan, Adda. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma, in ya kumbura ya toshe."

"Da wane ruwan?" in ji Adda Fatu.

Sai da Hamma ya kawo bijimi aka ɗaura wa Haladu igiya a hammata aka fizgo shi, wandon ya zauna a ciki. Malam Halliru ya sauko yana cire ƙaya, ya dubi Hondarsa, ya dubi mata, ya yanke hukunci a tsaye. Har ranar da gwamnati za ta haƙa wa Gindin Fa rijiya, Haladu ne ɗan garuwan gari. Zai ɗebo daga Kukar Abu, gidan tsofaffi farko, nasa na ƙarshe. Hukuncin bai ɗauke wa mata tafiyar ba, don mutum ɗaya ba ya shayar da gari, amma aƙalla suna tafe suna ganinsa a gaba, sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo.

Labari ya riga shi isa Kukar Abu. Mutanen can sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. Ranar farko da ya doso, matan garin suka tare shi tun daga bakin gona. Suka ce ruwa na Allah ne, ba za su hana ba, amma rijiyarsu tsohuwa ce, bakinta duk tsaga, kuma ba su yarda Injiniya ya gan ta ba. Saboda haka aka kafa doka: in ya iso kukar bakin gari, a ɗaure masa ido da kallabi, Shatu ta ja shi da sanda har bakin rijiya, ita ta zura guga ta cika masa garwa, ta juya shi ta maido shi.

Haka aka yi ta yi. Rannan yana tsaye ido a ɗaure, Shatu na jan guga, tafin hannunta duk ya yi kanta, sai ya ɗan buga dunduniya a ƙasa. Ya saurara. Ya sake bugawa. Matan Kukar Abu suka daina hira, kowace ta ajiye tulunta.

"Shatu," in ji shi ƙasa-ƙasa, "kin ji yadda wurin nan ke amsawa? Akwai jijiya a nan. Da za a ba ni yini guda kawai..."

Shatu ta saki igiya ta toshe masa baki da jiƙaƙƙen hannunta. Ba faɗa a muryarta, sai gajiya.

"Malam, don girman Allah ka rufa mana asiri. Wannan kaɗai ta rage mana."